Babban Yatsan Ƙafar Inna

Daren Talata, 12 ga Maris 2013, Woodbridge

Yau aka yi wa Inna gwajin alluran nan na 'yan China. Saura kwana shida a yi mata aikin ciki, kuma likita yana tsoron zuciyarta ba za ta ɗauki maganin barci mai yawa ba. Ya ce in allurai sun kashe mata zafi a gwaji, zai rage maganin ranar aiki.

Aka soka mata su a hannu da ƙwauri, sirara kamar gashi. Sannan ya riƙa danna mata wani ƙarfe a fata yana tambaya, ina fassarawa. Duk dannawa sai ta ce, "Ba komai, alhamdulillahi." Likita har murmushi yake.

Inna ce fa, matar da ta haifi bakwai ba wanda ya ji nishinta. Na dubi ƙafarta, babban yatsan ya lanƙwashe ƙam. Na ce masa da Turanci kada ya biye wa bakinta. Da ya sake gwadawa, ya ce taimakon alluran kaɗan ne, zai canza shiri.

Muna mota za mu koma gida, a cunkoson babbar hanya mai lamba 95, Inna ta ce, "Ke, me kika faɗa wa mutumin nan?"

"Yatsanki ne ya tona ki, Inna. Haka yake yi tun ina ƙarama in kin ƙone a murhu."

Sai ta dafa gwiwata, ta ce, "Ranar aiki ki sa min safa."

Na ce to. Ba zan sa mata ba.