Bijimin da Ya Kashe Kawuna Yana Ta Haihuwa

Anti, ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi nadama. Ina aiki a ɗakin gwajin wata gonar kiwo, ni ke duba maniyyin bijimai kafin a ba shanu. Kawuna, mai kula da garken, shi ya samo min aikin. Bara wani baƙin bijimi mai farin goshi ya matse shi da bango har ya cika. An yanka bijimin, amma maniyyinsa na nan daskare a tankin sanyi.

Duk sanda aka ce in narkar da nasa, sai in ɗiga kaɗan a kan gilashi. In na leƙa madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa sai in ga ƙwayoyin sun farka suna iyo, suna cin sukarin da ke cikin ruwan. Na sauran bijimai kan gaji su kwanta, nasa kuwa sai in je in dawo suna nan suna motsi. Abin da ya mutu, me yake nema da abinci? Yanzu ga maruƙansa a garke, dukkansu da farin goshin nan, in na wuce su daina kiwo su bi ni da ido. Wallahi tsoro nake ji. Zuciyata na ce min in bar murfin tankin a buɗe, kowa ya huta.

'Yar Marigayi

'Yata, Allah Ya ji ƙan kawunki. Kada ki taɓa murfin nan. A tankin akwai na wasu bijimai, amanar makiyaya ce, kuma aikinki zai tafi.

Kin fi ni sanin cewa ruwan maniyyi guzuri ne, sukari da gishiri da sauransu. Sanyi ya tsayar da ƙwayoyin, ɗumi ya tashe su, lafiyayyu su fi daɗewa. Babu aljani a ciki. Maruƙa kuma kowa ya wuce kallonsa suke yi.

Amma tsoronki ba shirme ba ne, don zafin rai na iya bin jini. Ki sami shugabanku da rana tsaka ki ce a sake duba batun raba maniyyin dabbar da ta kashe mutum, kuma a ba wani ma'aikacin gwajin nasa. Ina zargin tun rasuwar ba ki zauna kin yi kuka ba, kin koma aiki. Ki je wajen matar kawunki ku yi kukan tare. Allah Ya sanyaya miki zuciya.