A Saman Gangara Zan Sauka

Baban Walida,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya gajiyar hanya? Mu lafiya lau, Inna na gaishe ka. Walida ta daina firgita cikin barci. Maƙwabciyar Inna mai ɗinki ce ke rubuta mini, na ce kada ta gyara ko kalma ɗaya.

Saƙonka ya iso, wai ranar Asabar za ka zo da a-kori-kura ka mai da mu gida. To, ba zan shiga ba.

Ka san abin da ka yi. Muna gaba ni da Walida, buhunan siminti shaƙe a baya, muka zo gangarar nan mai kwana, ka sa giya a firi ka murɗe makulli ka kashe inji. Motar ta yi tsit. Har kana mini dariya, wai haka gwanaye ke tattalin dizal, wai kaf tasha babu wanda tankinsa ke kai naka nisa. Sai na ga ƙafarka tana dannar birki, sau ɗaya, sau biyu, na uku ya ƙi. Na ga wuyanka ya jiƙe. Tulin yashin bakin hanya ne ya tare mu, ba gwanintarka ba. Na matse yarinyar nan har shatin yatsuna ya fito a cinyarta.

Ban yi boko ba, amma na san tsoro. Har yau in mota ta yi shiru kusa da ni, sai in rungume 'yata.

Matarka,
Maman Walida

Baban Walida,

Bayan gaisuwa, ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

An ce ka yi fushi wai na kai ƙararka gareji, direbobi na ta tsokanarka. E, na je, da goyona. Tsohon bakaniken nan da ke duba maka mota na tambaya. Ya ce in inji ya mutu birki ƙanƙarewa yake kamar dutse, kuma man da kake ragewa a gangarar ko kofin shayi ba zai cika ba. Kofin shayi, Baban Walida! Ashe kuɗinmu ke nan ni da 'yarka?

Su yi ta dariya. Gara su yi maka dariya da su zo mini ta'aziyya.

Inna ta ce mace ba ta gindaya wa miji sharaɗi. Na ce to. Ka zo Asabar ɗin, ina kewarka, ba zan ɓoye ba. Amma ko ka yi rantsuwa ba za ka sake ba, ba za ta ishe ni ba, hannunka ya riga ya saba da makullin nan. A saman gangara za ka tsaya, in sauka in goya 'yata, in taka da ƙafata kowa na kallo. Ka jira mu a ƙasa. A can ka kashe injin yadda ranka ke so.

Taka har kullum,
Maman Walida