Loma Uku da Hannun Dama

Laraba da dare, Gumel

Wata biyar ke nan da shanyewar ɓarin jikina. Yau Yaya Habu ya zo daga Ɗanzomo, ya tarar ina tsintar wake ɗaya-ɗaya da hannun dama.

Ya ce, "Haba Talatu, daina wahalar da kanki. Hannun nan ya mutu, ki rungumi ƙaddara."

Raina ya ɓaci. Likita ta ce ƙwaƙwalwa tana sake koyo in an nace mata. Shi a ina ya karanta?

Da aka kawo tuwo, Inna za ta ba ni a baki, na ƙi. A gabansa na kai loma uku da hannuna, miya har wuyan riga.

Mataccen hannu dai ba ya ɓata riga.