Tuƙa-tuƙan surukina da famfon jami'a

Gwaggo Hosne Ara, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Wata huɗu ke nan ina ɓoye wa mijina wani abu, kuma asirina ya kusa tonuwa a gaban mutane.

Unguwarmu manne take da katangar jami'a ta baya, nan aka kawo ni shekara sha shida da suka wuce. Da can ba ruwansu da mu, ba ruwanmu da su. Amma a ambaliyar bara waccan, da ruwa ya kawo mana gwiwa a ɗaki, su suka buɗe mana ajujuwa muka yi kwana sha ɗaya har da awakinmu, ɗalibai mata na dafa mana shinkafa da miyar dal, wato miyar wake irin tamu. Bayan nan suka fasa 'yar ƙofa a katangar. Yaranmu suna shiga ɗakin karatu duk Asabar, masu koyon likita suna duba tsofaffi kyauta. 'Yata Shefali a can ta fara taɓa kwamfuta. Ni dai tsakanina da su sai addu'a.

To, farkon rani sai wata malamarsu, Dakta Monowara, ta fito da ɗalibanta suna bi gida-gida suna gwada ruwan tuƙa-tuƙa, saboda wata guba ta cikin ƙasa da ke shiga ruwa. Mai kyau a shafa masa koren fenti a baki, mai guba a shafa ja. Namu ja ya samu. Gwaggo, marigayi surukina ne ya sayar da saniyarsa ya haƙa shi sadaka, rabin layinmu a nan suka sha ruwa shekara talatin. Baban Shefali na dawowa daga rumfarsa ta gyaran riksho, keken nan mai ɗaukar fasinja, ya ga fentin, ya ɗauko wuƙa ya kankare shi tas. Ya ce ruwan da ya raine shi ba zai zama guba ba don kawai wata mai tabarau ta ɗiga masa magani a kwalba.

Ban yi masa musu ba. Amma na ga baƙaƙen ɗige-ɗige a tafin hannun surukata, na kuma ga yadda Dakta ta riƙe hannun ta daɗe tana dubawa, washegari ta turo likita. Kuma matar nan ba ta tsaya a shafa fenti ta tafi ba. Ofis-ofis ta bi har jami'a ta jawo mana bututu daga rijiyarsu mai zurfi, aka kafa famfo uku a bakin 'yar ƙofar. Ranar da ake haɗawa tana tsaye a cikin taɓo, zanenta na sari duk laka, tana tsokanar masu aikin wai in suka sa famfon ya yi tsayi, gajerun unguwa za su kai ƙararsu wurinta.

Tun daga ranar, da mijina ya fita aiki sai in ɗauki tulu in je can in ciko na sha da na girki. Na gida wanka da wanki kawai. Shi kuwa ya kurɓa ya ce, "Kin ji ruwan Abba, ko zuma albarka. Je ki gaya wa mai tabaran taki." Sai in sunkuyar da kai. Surukata ta sani, ita ma take duba mini hanya.

Yanzu jami'a na son mata biyar na unguwa su riƙa kula da famfunan, Dakta ta ce ni za ta sa a gaba, don ni nake fara zuwa in share wurin. Laraba ta sama za a yi taro, a kira sunaye a lasifika, duk mazan layi za su zo. Ina so, wallahi ina so, ban taɓa riƙe komai ba sai ludayi. Amma in ya ji a bakin lasifika fa? In kuma na ƙi, da wane ido zan dubi matar nan? Mijina ba mugu ba ne, ko tsawa bai cika yi mini ba. Ubansa yake kewa. Ya zan yi?

Taki, Mai Tulu daga bayan katanga.

Wa alaikumus salam, 'yata.

Abu na farko, kada ko kofi ɗaya na jan tuƙa-tuƙan nan ya sake shiga cikin kowa. Tafasawa ba ta fitar da wannan guba. Kin kyauta da kika kare gidanki, ba kuma zan yi miki faɗa a kan haka ba.

Sai dai akwai abin da ba ki ambata ba. Fentin da aka kankare ba don gidanku kaɗai aka shafa shi ba. Baƙo zai tsaya ya sha, ɗan maƙwabta zai tara hannu, shi kansa mijinki zai dawo da ƙishirwa ya kafa kai. Shirunki ya tsare randarki, bai tsare su ba. Don haka maganar nan dole ta fito, ko da babu taron Laraba.

Ki kuma duba nasa ɓangaren. Mutum ya dawo ya tarar an sa wa sadakar ubansa alamar guba, ba wanda ya zauna da shi ya yi masa bayani. Nan ɗaliban suka yi gaggawa, ki gaya wa Dakta haka, macen da ta shiga taɓo dominku za ta saurara. Surukinki ya haƙa rijiyar ne lokacin da ruwan kududdufi ke kashe yara, ta kuwa ceci mutane da dama. Bai san abin da ke ƙasa ba, ladansa yana nan. Mijinki yana bukatar ya ji wannan daga bakinki da na mahaifiyarsa.

Ki gaya masa a cikin kwana biyun nan, a ɗaki, bayan ya ci abinci, surukarki na zaune. Ki fara da ba shi haƙuri kan ɓoyewar, ita ce za ta fi yi masa ciwo. Sannan tsohuwa ta buɗe masa tafin hannunta. Zai yi fushi, ki ƙyale shi ya huce, kada ki ce ai kin faɗa. Daga nan ki roƙi Dakta ta zo ta sake gwajin a gabansa, shi zai tuƙo ruwan da kansa, shi kuma zai mayar da fentin. Famfo uku kuma ba sa rabuwa da mai sifana, ga ki da makanike a gida. A nemi taimakonsa a mutunce.

Muƙamin kuwa ki karɓa. Jami'ar da ta buɗe muku ƙofa haka ta yi abin a yaba, amma malamai ana canja musu wurin aiki, ɗalibai suna gamawa su tafi. Ruwan zai ɗore ne in 'yan unguwa suka riƙe shi da hannunsu. In kin ga Laraba ta yi kusa bai sauko ba, ki ce a jinkirta kiran sunanki, aikin ba zai gudu ba.

Allah ya ba surukarki lafiya, ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya yi wa Shefali albarka a karatunta. Ki gaishe mini da Dakta.

Gwaggonki, Hosne Ara