Igiyar Bayan Farin Dutse

Da sunan Allah. 'Ya'yana Malam da Auta, ni mahaifinku, tsohon ɗan rakiyar baƙi na bakin tafki, na rubuta wannan da hannuna, da hankalina garau. Uwarku za ta ce ita ba ta taɓa ganin wannan hankalin ba, amma likita ya duba jiya ya ce yana nan, ƙirjin ne ya gaji. Malam, kada ka sa min jan biro a takarda. Aji huɗu na yi, biyu daga ciki ta taga.

Na ɗaya. Gida da gona, a raba yadda Allah ya ce. Malafata da sandar nuni a bar wa Auta, shi ya gaji bakina.

Na biyu. Ku san garinku. Da ina yaro babu tafki. Kogi ne siriri tsakanin tsaunuka biyu, da gidaje sha tara. Aka datse kogin, ruwa ya hau, muka naɗe tabarmi muka koma tudu. Sai titi, sai masauki mai ɗaki shida, sai 'yan birni da tabarau suna tambaya mene ne tarihin wurin nan. Na ga idan na ce babu, tukunya ma babu. Don haka sarkin da ya ɗaure dokinsa a kogo, ni na haife shi. Sawun ƙaton nan na kan dutse, motar masu aikin dam ce ta kankare. Malam, kai ke da gaskiya a duk musun da muka yi. Goge su daga allon bakin gari, na bar maka sarkina.

Na uku, kuma don shi na nemi biro. Ranar Juma'a na ji ku ta katanga. Malam na so a cire igiyar da na ja a ruwa bayan farin dutse, wai aljanar wurin camfi ce. Auta na so ya riƙa kai baƙi can su yi iyo, wai wanka da aljana zai ja jama'a. Wata uku ba ku gaisa ba, kuma duk ba ku san komai ba.

A ƙarƙashin wurin tsohon kwarin kogin yake. Sama ruwan ɗumi, ƙasa sanyi ƙalau, yana ja wajen dam. Ƙafa na shiga sai ta sandare. Yayarku, 'yar farinmu, da muka ce muku zazzaɓi ne, ba zazzaɓi ba ne. Shekararta bakwai. Da hantsi ne, ina ba wasu baƙi labarin sarkin doki, suna ta dariya, na ba ta baya. Sai da na kai ƙarshen labarin na waiga.

Na kafa allon gargaɗi, baƙi suka riƙa shanya tawul a kansa. Shi ne na ce aljana ce, yarinya mai wushirya da jan ɗankwali. Shekara talatin da takwas ba wanda ya tsallake igiyar. Kullum ina faɗa ana tafi, ana cewa Baba, kamar ka taɓa ganinta. Uwarku da kuke tsokana wai tsoron ruwa take, yau kun sani.

Na huɗu. Igiyar tana ruɓewa duk damina biyu, kuma mutum ɗaya ba ya canza ta: wani ya riƙe kwalekwale, wani ya ɗaure. Ni da ƙanena muke yi. Tun rasuwarsa ba a taɓa ta ba. Kafin ruwa ya sauka, ku biyu za ku je. Malam, rubuta gaskiyar a allo da manyan haruffa. Auta, ci gaba da aljana don waɗanda ba sa karanta allo, sai dai daga wannan gefen igiyar.

Na biyar. Akwai ƙaramin kabari a gefen katangar maƙabarta, uwarku za ta nuna muku. A haƙa nawa ta bayansa, don idan aka fuskantar da ni alƙibla ta zama a gabana. Wannan karon ba zan juya ba.

Allah ya yi muku albarka, ya raya muku 'ya'yanku har su binne ku. Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna. Ku yafe min ƙaryata duka, amma guda ɗayar nan ku kula min da ita.