Miyar Dankalin Nora

Tandabawi, Makka

Ƙanina Uzair,

Assalamu alaikum. Yaya Arfa, yaya girkin alhazai? Tunda sun hana ku waya a wurin aiki, na ba direbanku wannan takarda a tashar Kudai.

Umma ta fara cin abinci, sai dai ba nawa ba. Tun da ciwonta ya tashi nake dama kunu ina tuƙa tuwo, tana kau da kai. Sai ga matar da ka auro mana daga ƙasar Ekwado da wata miyar dankali da madara da cuku, ta yanka fiya a kai, har da watsa gugguru kamar abincin yara. Wai su can azahar ba ta yi sai da miyar sha kafin shinkafa. Umma ta shanye, ta lashe cokali, ta ce da ita, "'Yata, ƙaro." Shekaru ina wanke mata jiki ban ji wannan kalmar ba. Ya ƙona min rai, ba zan ɓoye maka ba.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Jawahir

Arfa

Yaya Jawahir,

Wa alaikumus salam, tare da gaisuwar girma. Alhamdu lillahi da Umma ta ci. Likita ya ce idan ta ci gaba da rama sai an kwantar da ita, don haka ki bar Nora ta dafa kullum. Ladanki na wurin Allah, ba wanda zai taɓa shi.

Ƙaninki, Uzair

Tandabawi

Uzair,

Bayan gaisuwa, khalas, an gama da miya. Nora da bakinta ta kira ni in ga hoton kakarta, tana murna ta samu 'yar'uwa. Tsohuwa ce riƙe da ɓeran Masar a tsire, da haƙoransa da komai. Wai a kicin suke kiwonsu. Na kai wa Umma hoton, na ce ga hannun da ke ciyar da ke. Ta yi amai, ta ce kada yarinyar ta ƙara taɓa mata kwano. Nora tana ta kuka da guntuwar Hausarta, ni kuwa na yi abin da ya wajaba a kaina.

Jawahir

Arfa

Yaya,

Salam. Ki ji tsoron Allah. Ciyawa suke ci kamar zomo, naman biki ne a ƙauyensu, kuma babu shi a miyar nan. Kin manta Baba yana ba mu labarin gafiyar da suke gasawa a garinsu? Ina nan ina ciyar da dubban baƙi, uwata na kwana da yunwa. Ba za su sake ni ba sai an sauka daga Arfa. Na roƙe ki, ki ce mata kuskure kika yi.

Ƙaninki mai biyayya, Uzair

Tandabawi

Uzair,

Salam. Na ga roƙonka. Umma ta rame sosai, gobe za a kai ta asibiti. Mantuwa ma ta kama ta. Kullum da azahar sai ta leƙa ƙofa ta ce, "Ina 'yata? Ina miyata?" Nora kuwa tana tsaye a bayan labule da kwano a hannu. Zancen ɓeran nan yakan ɓace wa Umma ɗungum.

Kada ka damu, kullum ina tuna mata.

Allah Ya dawo da kai lafiya.
Yayarka, Jawahir