Motar da Muke Turawa da Hannu

Anti Maxine, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani. Shekara da shekaru ina karanta filinki ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ina girgiza kai a kan damuwar mutane, yau ga shi layi ya zo kaina. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye. Na gaji ne, kuma duk wanda na fara ba wa labarin sai ya fashe da dariya.

Maigidana, bari in kira shi Wendell, a kamfanin ƙera motoci ya yi aiki tun yana saurayi har ya yi ritaya. Mun kusa shekara hamsin da aure. Ba mashayi ba ne, ba mai yawon banza ba ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Cutarsa ɗaya ce a duniya, mota. Ba ma kowace mota ba, irin waɗannan na ƙarshen shekarun sittin, masu ƙaton injin da in an tayar sai tagogin maƙwabta sun yi rawa, kuma sai mai rufin da ake naɗewa baya.

Yayansa Floyd ne ya ja mana, Allah ya ji ƙansa. Floyd yana da irinta, shuɗiya, ita Wendell ya aro ranar da ya fara fita da ni. Muka nufi Tawas bakin tafki, rufi a buɗe. Tun kafin mu kai Bay City iska ta yi gaba da ɗankwalina. Muka ci soyayyen kifi a takarda, na dawo gida gashina a tsattsaye, babata ta yi ta faɗa har washegari. A hanyar dawowa ne ya ce, "Ki rubuta ki ajiye, wata rana zan saya mana tamu, mu sake yin wannan tafiyar." Gishirin da ake zuba wa titi lokacin sanyi ya cinye motar Floyd tun da daɗewa. Mu kuma ga 'ya'ya, ga gida, ga kuɗin makaranta, ga sallamar ma'aikata da ta rutsa da shi har sau biyu. Amma ni ban manta ba, shi ma bai manta ba.

Bara sai ga wata an sa a gwanjo a Indiana. Shuɗiya, irin ta Floyd sak. Aka ce kaɗan aka ƙera masu wannan injin da rufin naɗewa, kuma injinta na asali ne, lambarsa ta yi daidai da ta jikin motar. Wani gwani ya wargaza ta har ƙusa ta ƙarshe, ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Muka sayar da kwalekwalen kamun kifi da ɗan gidanmu na katako da ke arewacin Michigan. Da bakina na amince, ba wanda ya tilasta ni, don haka kar ki ɗauka kuɗin ne ke ci mini rai.

Ranar da aka kawo ta a rufaffiyar tirela har sabon ɗankwali na saya, na haɗa mana abincin hanya. Aka sauke ta, ya zagaye ta, ya shafa ta, idonsa ya kawo ruwa. Na ce to, mu je? Ya ce, "Ba yau ba."

Anti, shekara ta zagayo muna nan a kan ba yau ba.

Ashe akwai abin da ban sani ba. Motar da aka gyara irin wannan gyaran, wai ba a tuƙa ta. A tirela ake kai ta wurin baje koli, alƙalai su shimfiɗa madubi a ƙarƙashinta, su durƙusa suna leƙe. In an tayar da injin ya yi zafi, fentin salansa zai ƙone, maki ya ragu. In tsakuwa ta taɓa ƙasanta, maki ya ragu. Har ɗige-ɗigen fenti da zanen allin da ma'aikata suke yi a ƙasan mota don a san an duba ta, duk mai gyaran ya mayar, kuma alƙalai suna ƙirga su. Abin da ke ba ni haushi, irin wannan zanen Wendell ya yi ta yi a wurin aiki, taba a bakinsa, ko kallon wurin ba ya yi. Yau shi ne yake hana ni wucewa kusa da motar da kofin shayi. Da na yi ƙorafi a gaban Gus, shugaban ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci, sai ya ce, "Haba madam, wa ya ce miki ana hawan irin wannan? In iska kike so ki kunna fanka." Suka kwashe da dariya, har da mijina.

To kin ji abin da na koma a tsufana. Turin mota. Ina daga baya da farar safar hannu kar in ɓata mata fenti, shi yana gefen ƙofa, hannu ɗaya a sitiyari, yana cewa "a hankali, a hankali." Mu tura ta cikin tirela, mu turo ta waje. Mu zauna a kujerar naɗewa a filin ajiye motoci rana na dukanmu, baƙi suna ɗaukar hoto. Tawa motar a waje ta kwana duk lokacin sanyi, kullum safiya ina kankare mata ƙanƙara, ita kuwa wannan tana gareji an kunna mata hita. Ya ciyo kofi biyu. Ni ciwon ƙugu na ciyo.

Duk wannan da sai in haɗiye. Ga abin da ya sa na rubuto. Idon Wendell yana tafiya. Tsakiyar ganinsa ce ke dushewa, kuma likita ya faɗa a gabana cewa da wuya ya ci gwajin ido in ya je sabunta lasin a watan Maris. Ke ma kin san Michigan, da Oktoba ta shigo an kulle irin waɗannan motoci saboda sanyi da ƙanƙara sai wata shekara. Wato wannan bazarar ce kaɗai ta rage mana, ga shi Agusta ta raba. In ta wuce, shi ke nan, ba Wendell ba tuƙa ni zuwa Tawas har abada.

In na tayar da maganar sai ya ce likitan yaro ne, bai san komai ba. Motar nan ta cinye masa hankali gaba ɗaya. Ko a-kori-kurar da ke jan tirelar ni nake tuƙawa yanzu, wai bayansa na ciwo. Gus ne ke zuwa ya kai shi karin kumallon ƙungiya ranar Asabar. Shekaranjiya ya tsiyaya ruwan kofi a gefen kofin maimakon cikinsa, saboda tunaninsa yana gareji. Ya wuni yana goge motar, amma ya bar farin man gogewa shafe a ƙofa, ni na bi na share ban ce masa komai ba. Ran nan na kasa daurewa na ce, "Baban Corinne, ni fa ba gawa muka saya ba da za mu yi ta yi mata wanka." Ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki.

Ga shawarar da na yanke. Ni ban iya mota mai kuloci ba, ban taɓa koya ba, amma 'yarmu Corinne ta iya. Ranar Asabar in Gus ya ɗauke shi, ina so in sa ta fito da motar ta zagaya unguwa har injin ya yi zafi, fentin ya ƙone, a huta. In ya dawo ya tarar aikin gama ya gama, ba sauran abin da zai yi wa gadi, sai ya ɗauke ni mu tafi. Corinne ta ce ba ruwanta sai in na rantse zan ce ni na sa ta. Anti, in yi? Ko in haƙura in ci gaba da turi har idon ya ƙarasa? Wallahi na gaji.

Mai farar safar hannu, Saginaw

*

Ƙawata mai farar safa,

Ban yi dariya ba. To, na ɗan yi a wurin fankar Gus, amma daga nan ban ƙara ba.

Amsa ta farko a taƙaice: kar ki yi. Ki bar Corinne ta yi Asabar ɗinta lafiya. Fentin salansa ana sake shafawa, amma mutumin da ya dawo gida ya tarar matarsa da 'yarsa sun haɗa baki sun yi tuƙin farko a bayan idonsa, tuƙin da ya yi shekara hamsin yana jira, wannan ba mai gyara miki shi. Ko ya yafe, ba za ki ji daɗin zama a kujerar nan ba.

Kina da gaskiya, kuma ba kaɗan ba. Tare kuka sayar da gidan katakon, alkawarin ma ke aka yi wa, ba alƙalai masu madubi ba. Mace mai shekarunki ba ta da dalilin tura mota, daga yau ki ajiye safar nan, Gus yana da hannu biyu. Shi ma maigidan ba hauka yake ba. Masu wannan sha'awa da gaske suke, mota irin wannan ba ta da yawa, kuma wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kamfani ba a taɓa tafa masa ba, dole ya ji daɗin kofi.

Amma ki sake karanta wasiƙarki a natse. Ke kike tuƙa a-kori-kura. Gus ke ɗaukarsa. Kofi a gefen kofi. Farin mai a ƙofar motar da ya wuni yana gogewa, bai gan shi ba. Kin ce motar ce ta cinye masa hankali. Ni ban ga haka ba. Ina jin Wendell ya riga likita da ofishin lasin yanke wa kansa hukunci. Ya san ba ya ganin titi yadda zai ɗauki matarsa a mota mai irin wannan ƙarfi, kuma ya fi masa sauƙi a ce shi mai tsananin tsantseni ne da a ce ya makance. Maki da alƙalai mafaka ce ya samu. Ina iya yin kuskure, ban taɓa ganinsa ba. Ke kika san shi, kuma ina zaton da kika bi kika share man nan shiru, zuciyarki ta riga ta gaya miki.

In haka ne, kar ki matsa masa ya tuƙa. Hanyar Tawas akwai 'ya'yan wasu a kanta. Ku koma wurin likitan a makon nan, ku tambaye shi ƙarara ko akwai sauran tuƙi, na rana ko na kusa da gida, kuma abin da ya ce shi za a bi. Kafin nan ki daina yi wa motar baƙar magana, duk wadda kika yi shi take sara. Ki same shi a garejin, ba a gaban Gus ba, ki ce masa kin ga ƙofar, kin ga kofin, kuma ba ki ga abin kunya a ciki ba.

Sannan ki nemi abu ɗaya a wurinsa. Ki ce, "Baban Corinne, koya mini kuloci." Ku fara da wata tsohuwar mota ta aro a filin coci ranar da ba kowa. Ba ya bukatar ido don wannan, da kunne zai san lokacin sauya giya, kuma zai yi miki tsawa, ki ƙyale shi ya yi, ya daɗe bai ji ana bukatarsa ba. In kin iya, shi zai ce ko a fito da shuɗiyar ko a'a. Yana iya cewa a'a, ki shirya wa hakan. Amma ki tuna masa abin da ya faɗa a hanyar dawowa, ke kika rubuto mini shi: "mu sake yin wannan tafiyar." Bai ce wa zai riƙe sitiyari ba.

Akwai sauran Satumba. Allah ya sassauta masa ciwon, ya ba ki haƙuri da ƙafar hagu mai ƙarfi. In kun kama hanya ki ɗaure ɗankwalin da kyau, shi kuma ki bar shi ya yi ta gaya miki kin cika gudu.

Taki,
Anti Maxine